Darasi na Tara: Karatun Filogi da Zaɓen Waya ga Tsohuwar Mota

A kasuwar kayan gyaran mota, ta Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, cinikin filogi ba ya cin minti biyu. Mai mota ya tsaya a bakin shago ya ce, “Oga, a ba ni filogi huɗu na Fijo.” Mai shago ya ce, “Alhaji, orijina ko mai sauƙi?” A daidaita, a ƙunshe a leda, a yi sallama. Da wuya ɗayansu ya juya filogin ya dubi haruffa da lambobin da ke jikin farin tangaran ɗinsa, alhali kuwa amsar duk tambayar da ya kamata a yi tana cikin wannan ɗan rubutu: kaurin filogin, tsawonsa, irin zafin da yake riƙewa, da injin da aka yi shi dominsa.

Baƙaƙe biyar ne ko shida. Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci har ya iya haɗa baƙi da lamba zai iya karanta su, kuma karatun yakan raba shi da asarar fetur, wani lokaci ma da asarar inji ɗungurungum.

Motar da za a riƙa misali da ita a nan ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. A Faransa aka fito da ita a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da yin ta a Nijeriya har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Turai ta daina. Har yau wagon ɗinta da a-kori-kura suna jigilar buhuna da awaki ranar kasuwar ƙauye. Injinta na fetur silinda huɗu ne, da kafireta da distiributa, ba kwamfuta ko ɗaya. Abin da aka faɗa a kanta ya shafi tsohuwar Datsun da Bitil da Corolla, sai inda aka nuna bambanci.

Hanyar da wuta ke bi

Batirin mota volt 12 yake bayarwa, kuma volt 12 ba za su tsallaka ko da kaurin gashi a cikin iska ba. Aikin kwayil ne ya ninka wannan wuta har ta kai volt 10,000 zuwa 20,000, ko fiye. Daga kwayil wutar ta bi waya guda ta shiga tsakiyar hular distiributa, rota tana juyawa tana raba ta ga wayoyi huɗu, kowace waya ta kai tata ga filoginta. A bakin filogi wutar ta tarar da 'yar tazara tsakanin ƙarfen tsakiya da lanƙwasasshen ƙarfen gefe, ta yi tsalle, tartsatsin ya kunna fetur da iskar da fistin ya matse. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane filogi yana ƙyasta wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kwayil kuma sau 100.

Tsarin ya tsufa. Kamfanin Bosch na Jamus ya yi rajistar filogi mai aiki da babbar wuta a 1902, sannan Charles Kettering na kamfanin Delco a Amurka ya kawo tsarin batir da kwayil da distiributa a motar Cadillac a 1910. Sunan kamfanin nasa bai ɓace ba: a garejin Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ya shiga bakin makanikai, filogi buji ne, kwayil bobin, distiributa kuwa delko.

Abin lura shi ne wutar nan ba ta da biyayya. Hanya mafi sauƙi take nema zuwa jikin inji. In tsallaka bakin filogi ya yi mata wuya, kuma ta sami tsaga a waya ko danshi a hula, can za ta bi, silinda ta kwana ba wuta. Silinda ɗaya cikin huɗu ta daina ci, kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ya fita ta salansa ɗanye. Direba ya ce mota tana mis, ba ta jan tudu, tana shan mai kamar rijiya.

Karatun jikin filogi

A ɗauki lambar da ta yawaita a tsofaffin injunan Turai da Japan masu kafireta: BP6ES, ta kamfanin NGK na birnin Nagoya. B na nufin kaurin zaren filogin milimita 14 ne, kan da sifana ke kamawa kuma milimita 20.8. P na nufin hancin tangaran ya ɗan leƙo waje cikin ɗakin ƙonewa. Lamba 6 ita ce matakin zafi, wanda za a dawo kansa. E na nufin tsawon zaren milimita 19. S kuma na nufin ƙirar yau da kullum mai zuciyar jan ƙarfe. In aka ga R a tsakiya, kamar BPR6ES, to akwai 'yar matsewar wuta a cikinsa mai hana hayaniya. In lambar ta ƙare da 11 bayan ɗan layi, an saita tazarar bakinsa a milimita 1.1 tun daga masana'anta.

Kowane kamfani da nasa baƙaƙen. Takwaran BP6ES a wurin Bosch shi ne W7DC, a wurin Champion N9YC, a wurin Denso W20EP-U. Filogi huɗu ne masu suna daban-daban da za su zauna rami ɗaya su yi aiki ɗaya. Saboda haka tambayar “wane kamfani ya fi” ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce wace lamba littafin motar ya rubuta, ko kundin kamfanin filogi da manyan shaguna ke ajiyewa. Wanda ba shi da littafi ya ɗauki tsohon filogi ya tafi da shi kasuwa, amma ya sani tsohon ma yana iya zama kuskuren wani makanike da ya gabata.

Tsawon zare shi ne inda ɓarna ta fi saurin zuwa, domin filogi dogo da gajere duk kaurinsu ɗaya, duk suna shiga rami ɗaya lafiya lau. Bitil mai sanyaya da iska, irin wadda aka harhaɗa a Legas, gajeren zare take so, milimita 12.7, wanda NGK ke yi wa alamar H, misali B5HS. A cusa mata mai milimita 19, ƙarshensa zai leƙo cikin silinda fiye da milimita 6. In an yi rashin sa'a fistin ya doke shi. In an yi sa'a bai doke shi ba, kunkunniya ta daskare a zaren da ya leƙo, ranar da aka zo kwancewa ya fito da naman kan injin gaba ɗaya, tunda alminiyam ne mai taushi. Akasin haka ma ba daɗi: gajere a ramin dogo yana ƙyasta wutarsa a cikin kogo, nesa da fetur, sauran zaren ramin kuma ya toshe da baƙi.

Sai mazauni. Wani filogi yana da washa da ke matsewa ta rufe iska, wani kuma ba shi da ita, gindinsa a gangare yake kamar bakin mazurari, NGK na sa masa F, misali BP6EFS. Ba a musanya su. Kallon gindin tsohon filogi da bakin ramin ya isa a gane.

Mai zafi da mai sanyi

Nan ne zance ya fi ruɗewa a gareji. Mutane da yawa sun ɗauka filogi mai zafi ya fi ƙarfin wuta, wasu kuma na cewa ƙasarmu ƙasar rana ce, don haka mai sanyi ya dace da ita. Duk biyun ba haka ba ne. Matakin zafi bai taɓa ƙarfin tartsatsi, bai kuma ƙara wa inji zafi ko rage masa. Abin da yake nufi kawai shi ne saurin da filogi ke zubar da zafin bakinsa zuwa kan inji.

Bakin filogi yana son ya zauna tsakanin wajen digiri 500 da 800 a ma'aunin Salshiyos. Ƙasa da haka kunkunniya ba ta ƙonewa, sai ta taru ta zama gadar da wuta ke bi ta gudu. Sama da haka bakin ya zama garwashi, ya kunna fetur tun kafin lokacinsa, fistin yana hawa wuta tana danna shi ƙasa. Wannan kan huda kan fistin, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci a mota mai lodi da ke gudu a babbar hanya. Mai dogon hancin tangaran yana riƙe zafi, shi ne mai zafi. Mai gajeren hanci yana saurin zubarwa, shi ne mai sanyi. A leƙa cikin bakin filogi biyu za a ga bambancin zurfin da ido.

Tarkon yana cikin ƙirga. A NGK da Denso, lamba na hawa filogi na ƙara sanyi: a NGK misali, 5 ya fi 6 zafi, 7 ya fi 6 sanyi. A Bosch da Champion kuwa juyin waina ne, lamba na hawa filogi na ƙara zafi: W8DC ya fi W7DC zafi. Mutumin da ya saba da NGK, ya je neman mai sanyi ya sayi Bosch mai babbar lamba, ya sayo kishiyar abin da ya fito nema.

Yaushe ake sauya mataki? Tsohon inji da ke shan baƙin mai kuma ba ya fita daga cunkoson gari yakan jiƙa filogi kowane mako, kuma makanikai kan sa masa mai zafi da mataki ɗaya don ya riƙa ƙone dattin. Dabara ce ta jiran kuɗin ringi, ba laifi ba ce in an tsaya a mataki ɗaya. Haɗarin shi ne a manta, a yi wa motar lodin masara a kama hanyar Maiduguri da ita. Zafin rana na da ɗan tasiri, amma nauyin kaya da gudu da saitin lokacin wuta sun fi shi nesa ba kusa ba. In za a yi kuskure, gara a yi shi wajen sanyi, domin filogin da ya yi baƙi kuɗinsa kaɗan ne a kan fistin da ya huje.

Game da masu tsada, zancen gajere ne. Filogin filatinam da na iridiyam suna da siririn baki, na iridiyam milimita 0.4 zuwa 0.6, ƙarfen ba ya saurin cinyewa, wasunsu kan yi kilomita 100,000, yayin da na yau da kullum ake canza shi a wajen 20,000 zuwa 30,000. Wannan riba ce ga inji mai tsabta mai injekta. A injin kafireta da ke yawan ambaliya ko hayaƙi, ba cinyewa ke kashe filogi ba, datti ne, kuma datti bai san iridiyam ba. Ra'ayin wannan darasi shi ne mai Fijo ya sayi na jan ƙarfe na gaskiya, ya riƙa canzawa a kan kari, rarar kuɗin ya sa a waya mai kyau. Masu ƙafa uku ko huɗu kuwa, wato masu ƙarfen gefe fiye da ɗaya, tartsatsi ɗaya suke yi a kowane bugu, yawan ƙafar don daɗewa ne. Wasu injunan Volkswagen na shekarun 1990 da su aka ƙera su, su kam a ba su abinsu.

Tazarar baki

Sabon filogi ba a ɗaura shi sai an auna bakinsa da filageji, 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba a jiki da ke buɗewa kamar wuƙar aljihu. Mota mai kwantak, wato 'yan ƙarafan cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa, irin Fijo ta asali, wutarta ba ta da yawa, tazarar milimita 0.6 zuwa 0.7 ta ishe ta. Masu wutar lantaroni na ɗaukar 0.8 har zuwa 1.1. Wanda ya sa wa mai kwantak filogin da aka saita a 1.1, zai ga mota tana sulo lafiya, amma da ya taka totur a tudu sai ta fara tari. Dalili shi ne iskar da aka matse ta fi wuyar hudawa. Wannan ne ma ya sa gwajin da aka saba yi, na jingina filogi a jikin inji a buga ki a ga ya yi wuta, ba cikakkiyar shaida ba ce. A fili kowane gurgun filogi zai yi wuta. A cikin silinda, inda fistin ya matse iska zuwa kashi ɗaya cikin takwas ko tara na girmanta, can ake sanin gwani.

Ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa, a hankali, ba tare da an dogara da na tsakiya ko tangaran ba. Buga bakin filogi a dutse don a rage tazara yakan bar tsaga da ido ba ya gani.

Wayar da aka manta da ita

Akwai motocin da aka canza wa filogi sau ashirin, wayoyin kuwa su ne tun na mai motar na farko. Waya ba ta motsi, ba ta ƙara, sai a ɗauka ba ta tsufa. Tana tsufa. Zafin inji yana busar da robarta har ta yi tauri ta tsattsage, baƙin mai yana kumbura ta, ɓera yana gwaguyar ta a motar da ta daɗe a ajiye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nan kuwa wuta ce ke samun wurin fita. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan wayar, raɓa ko ruwan damina ya jiƙa ƙurar, shi ke nan an shimfiɗa wa wuta titi zuwa jikin inji. Motar da ke tashi bugu ɗaya da rani amma ta ƙi tashi safiyar da aka kwana ana ruwa, a fara tuhumar wayoyi da hular distiributa kafin a zargi batir.

Iri uku ne a kasuwa, kuma daga waje kusan kamarsu ɗaya, kaurin milimita 7 ko 8. Ta farko mai zuciyar jan ƙarfe ce zalla. Ba ta rage wuta ko kaɗan, ba ta saurin mutuwa, amma tana watsa hayaniya. Direban da ke sauraren labarai a gajeren zango ya ji tas-tas-tas a rediyo, ƙarar tana ƙaruwa in ya taka totur, wayarsa ce ke magana. Tsofaffin Volkswagen da Mercedes da irin wannan waya suka zo, sai dai an sa matsewar wutar a cikin hular da ke kama filogi, don haka hular ba ado ba ce, ba a yanke ta a jefar.

Ta biyu zuciyarta zare ne da aka turara da garin gawayi na musamman. Tana kashe hayaniya sosai, tana da araha, ita ce ta zo da yawancin motocin Japan da Amurka. Rauninta shi ne zaren yana karyewa a ciki ba tare da robar ta nuna komai ba, musamman in ana fizgar ta daga tsakiya. Wutar ta riƙa tsallake karayar tana cin zaren, giɓin yana faɗi, har ranar da ta kasa. Ta uku siririyar waya ce da aka nannaɗe a kan zuciya kamar zare a kwarkwaro. Tana kashe hayaniya ba tare da ta rage wuta da yawa ba, ta fi daɗewa, ta fi tsada. In an same ta da rigar silikon, wadda ta fi roba jure zafi, ita ce zaɓin da ba a nadama.

Ƙa'idar zaɓe ta dogara da ko motar tana da kwamfuta. Mai injekta, wadda makanikai ke cewa tana da biren bokis, dole a ba ta waya mai kashe hayaniya da filogi mai R, domin hayaniyar wuta tana rikita saƙonnin da kwamfutar ke karɓa, mota ta riƙa shiririta a rasa dalili. Mai kwantak da kafireta ba ta da abin da zai rikice sai rediyo, ita damuwarta kada a tara mata matsewa uku a jere, a rota da waya da filogi, kan kwayil da ya riga ya gaji.

Gwajin waya ba wuya. Mai wayarin yana da mita, a juya ta zuwa ma'aunin om, a taɓa bakin waya biyu. Ta jan ƙarfe kusan sifiri za ta nuna. Ta gawayi dubbai za ta nuna, doguwa ta fi gajera, kuma littattafan gyara na Toyota sun sa iyaka a om 25,000 ga kowace waya. In mita ba ta motsa ba, ko lambar tana rawa in an lanƙwasa wayar, ta karye a ciki. Wanda ba shi da mita ya jira dare, ya kai mota inda ba fitila, ya buɗe bonet inji yana sulo. Waya mai yoyo za ta nuna kanta da shuɗin tartsatsi yana tsalle zuwa ƙarfe, ana jin ɗas-ɗas ɗinsa. A kalla da ido kawai, hannu a baya, babbar riga a tattare saboda fanka.

Ana canza wayoyi saiti guda, har da ta kwayil, kuma ɗaya bayan ɗaya: a cire tsohuwa, a sa sabuwa mai tsawonta a gurbinta, sannan a taɓa ta gaba. Wanda ya tumɓuke duka huɗun lokaci guda ya jawo wa kansa lissafi. Jerin wutar yawancin injuna masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne, na Bitil 1-4-3-2, kuma kamfanonin Faransa sun saba fara ƙirga silinda daga wajen kuloci, ba daga wajen lagireto ba. Yaron gareji da ya koyi aiki a kan Toyota yakan yi tuntuɓe a nan, mota ta yi ta harbi ta kafireta ta ƙi tashi. Bayan an gama, kowace waya ta koma cikin maƙalinta na roba, nesa da bututun salansa. Ɗaure su dami guda da salatif ko wayar ƙarfe yana sa wutar wannan ta tsallaka ga waccan.

A bakin bonet

Filogin Fijo ba a fili yake ba. Yana can ƙasan wani dogon bututu da ya ratsa murfin kan inji, sai da doguwar sifana ake kai gare shi. Makanike mai hankali yakan jira inji ya huce, ya kama hular waya ya murɗa ta kaɗan kafin ya zare, sannan ya haska ramin. Sau da yawa akwai yashi a ƙasa, wani lokaci da baƙin mai kwance saboda robar bututun ta mutu. In aka kwance filogi a haka, duk dattin nan cikin silinda zai faɗa. Sai a hure shi da iska ko a tsane shi da tsumma a kan sanda tukuna. Man da ke ramin kuma ba shaidar ringi ba ne, yoyon sama ne, gyaransa 'yar roba.

Sabon filogi da hannu ake fara ɗaura shi, a riƙe sandar sifana da yatsu ba tare da mariƙi ba. In ya yi tauri tun a juyi na farko ko na biyu, ya hau karkace, a dawo da shi baya a sake. “Kai yaro, da yatsa tukuna,” shi ne abin da maigidan gareji ke nanatawa, kuma gaskiyarsa, domin sifana ba ta jin lokacin da ƙarfe ya fara cin alminiyam. In ya zauna, mai sabuwar washa a ƙara masa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku, wanda aka taɓa ɗaurawa ɗan taɓi kaɗan, mai gangaren gindi kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida na juyi kawai. Mai sifanar awo ya tsaya tsakanin newton-mita 25 da 30 ga mai washa. Sako-sako yana hana zafi fita, ɗaurin ƙarfi kuma yana miƙar da ƙarfen filogi.

Tsofaffin da aka cire kada a watsar tukuna. A jera su bisa kwali yadda suka fito, ɗaya zuwa huɗu, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka a bushe, inji lafiya. Baƙi busasshe mai gari kamar gindin tukunya, fetur ya yi wa iska yawa: kafireta na ambaliya, cok ya maƙale, ko matatar iska ta toshe da ƙura, abin da ya zama ruwan dare bayan hunturu. Baƙi mai maiƙo yana sheƙi, baƙin mai na haurowa ta ringi ko ta robar bawul. Fari fat da ƙuraje a tangaran, ko ƙarfen baki ya fara narkewa, zafi ya wuce kima, kuma wannan ba ya jiran gobe. Ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa da launi, lagireto kuma yana rage ruwa, a duba gasket. In uku lafiya ɗaya ne baƙi, laifin na wannan silinda ne ko wayarta, ba na kafireta ba, tunda kafireta duka huɗun take ciyarwa.

Jabu ya cika kasuwa, har manyan kamfanonin suna fitar da gargaɗi a kai. Alamunsa: rubutun da ke gogewa da farce, washa da ke zamewa ta faɗo da kanta, zare mai kaushi, ƙarfen gefe da bai daidaita kan na tsakiya ba, da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa. Mugun abin da ke cikinsa ba a gani, domin lambar zafin da aka buga a jiki ba lalle ta dace da abin da ke ciki ba. Shagon da zai ba da rasit kuma a same shi gobe ya fi tiren bakin titi.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsofaffin motoci da yawa sun koma gas na CNG. Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana neman wuta mai ƙarfi. Wayar da ke lallaɓawa da fetur takan tona asirinta ranar da aka juya zuwa gas, mota ta riƙa harbi ta baya. Kafin a kai mota juyi, a sabunta filogi da wayoyi, a kuma tambayi masu juyin tazarar da suke so, domin sukan ɗan rage ta.

Aikin ɗalibi

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemo tsohon filogi ɗaya, na mota ko na babur ko na janareta, daga gida ko daga garejin unguwa. Ya kwafe abin da ke rubuce a jikinsa cikin littafinsa, ya auna tsawon zaren da rula, ya duba ko mai washa ne, ya rubuta launin bakinsa da abin da yake zaton launin ke nunawa. A aji za a jera su bisa tebur daga mafi zafi zuwa mafi sanyi, na NGK da Denso a layi ɗaya, na Bosch da Champion a wani. Mai mota a cikin ɗalibai ya ƙara da gwajin dare, ya zo da bayanin wayar da ya ga tana wuta, in akwai, da silindar da take kaiwa.